In Sun Aiko Ka Burtalinmu

Zuwa ga mai sunan Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da innarka da ƙannenka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya shimfiɗa maka hanya daga tashar Gumel har inda za ka sauke kayanka, Ya raba ka da mugun direba da mugun aboki.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a bakin buhun garin geron da innarka ta ɗaure maka, alhali jiya muna zaune tabarma ɗaya ban ce maka komai ba sai "Allah Ya kiyaye". Ka san halinmu. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba kamar mai tallar magani a kasuwa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne. In ka ga harafi ya karkace, kada ka ɗauko mini jan biro.

Ka samu aikin awon ƙasa, safiyo kamar yadda kuke cewa. Mutane sun yi ta zuwa yi mini barka, na kuma amsa da gaskiya, don na yi murna har cikin raina. Ɗan ruga riƙe da na'urar auna ƙasa! Sai dai murnar tawa da ƙaya a cikinta, kuma kai ma ka san ƙayar. Burtalinmu ne, wannan da ya tashi daga ruga ya bi ta yammacin Ɗanzomo ya gangara tafki. Shi kaɗai ya rage mana. Ranar da aka toshe shi, shanunmu ba su da hanyar ruwa sai ta cikin geron mutane, kuma ka san abin da ke biyo baya. Ko dai a zub da jini, ko mu naɗe bukkoki mu bi sawun kawunnanka na Gagarawa Tasha da suka yi kudu, har yau ba wanda ya dawo. Ni kuwa ba zan yi ko ɗaya daga ciki ba.

Waɗanda suka matse burtalin nan ba su taɓa zuwa da sanda ba. Da murmushi suke zuwa, da kalmomin Turanci, kuma duk kalmar da suka kawo in ka nemi fassara sai a ce maka "gyara". Turanci ka fi ni shi nesa ba kusa ba, ban isa in koya maka ba. Abin da zan gaya maka shi ne yadda kowacce ta same ni, da wautar da na yi a gabanta, domin daga gobe su ne za su zama abincin bakinka.

Lokacin kana goye, burtalin yana da faɗin da sai dai in ba ka labari. Aguwa ce ta yi masa shinge hagu da dama, kakanninmu da kakannin manoma suka dasa ta tare. Awonsa kuwa ba da igiya ake yi ba. Farkon damina Baffa, kakanka, yakan tsaya a tsakiya ya wurga sandarsa da iya ƙarfinsa, nan gabas, nan yamma. In ta faɗi cikin burtali, lafiya lau. In ta faɗa cikin shuka, to an ci, sai a kira mai gari a zauna. Kowa ya yarda da wannan awon, har manoman, don a gaban idonsu ake yi, kuma sun san Baffa ba ya rage hannu don tsoro ko ya ƙara don mugunta.

Rannan sai ga farar mota a ƙofar mai gari. Aka tara mu gindin tsamiya. Wani jami'i gajere mai tabarau ya miƙe ya yi ta magana, a ciki yana ta maimaita "ajasmen". Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne shi ajasmen ɗin?" Tafinta ya yi dariya ya ce, "Malam Buba, kwantar da hankalinka. Ɗan gyara ne, kamar yadda tela ke rage wuyan riga." Na ce a raina, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na gyaɗa kai, sauran 'yan ruga suka ga na gyaɗa su ma suka gyaɗa. Kafin kaka an sare aguwar ɓangaren gabas ƙaf, an kafa turakun siminti a ciki sosai. Ashe sauke mu raban ne.

Wautata a nan ita ce na tambayi ma'anar kalma. Tafinta bai yi mini ƙarya ba, ma'anar ke nan. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Tashi mu je ka nuna mini da ƙafarka daga ina zuwa ina." Kai da kanka ka san ajas, ka sha jinta a tashar Gumel. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Malam, ɗan yi ajas." Ka taɓa ganin ya faɗa wa alhajin da ya saya kujerar gaba? Kullum siririn da ke jikin ƙofa ake cewa ya matsa, shi da dama rabin jikinsa a waje yake. To duk ranar da ka ji ajasmen a ofis, ko ta fito daga bakinka, ka tambayi kanka wa zai matsa, kuma ina zai matsa ya je. In ba ka da amsar ta biyu, kada ka sa hannu.

Kada ka ɗauka da manoma nake faɗa. Ni ma manomi ne, geron da ke cikin buhunka ni na noma shi. Ka san Malam Ɗanlami, maƙwabcin gonarmu. Babu daminar da ba ya ɗan shigo da garmarsa cikin burtali. In je in same shi in ce, "Ɗanlami, ka ci burtali." Ya jingina da garma ya ce, "Na ci, Buba. Bakuna sun yi yawa a gida, ita kuwa gona ba ta haihuwa." Mu yi ta ɗaga murya har mata su leƙo, mai gari ya zo ya raba, Ɗanlami ya ja da baya yana ƙunƙuni, ran sunan jikarsa kuma innarka ta aika masa da ƙwaryar nono. Wallahi na fi son Ɗanlami. Ya ci, ya kuma ce ya ci. Mutumin da ya kira abin da ya yi da sunansa ana iya zama da shi har a mutu.

Bayan ajasmen muka kai kuka. Muka yi ta sintiri har aka gaji da ganin hulunanmu, aka ce mu koma gida, za a yi "ribiyu". Lokacin kana sakandare a Gumel, ka zo hutu na tambaye ka, ka ce, "Sake dubawa ne, Baba." Na ji daɗi ƙwarai. Duba dai da ido ake yi, kuma duk mai ido in ya ga yadda shanu ke gogar juna a matsin nan, ƙaho na sarƙe ƙaho, ba sai an yi masa bayani ba. Na sa aka share ruga. Na ware rago na ɗaure don baƙi. Duk ranar da aka ji ƙarar mota a kan titi, innarka ta hau dama fura. Damina ta shiga ta fita, rago ya yi ta ƙiba har ya fara tunkuyin yara. Da na gaji na je na tambaya, sai aka ce, "Ai an yi ribiyu tuni." Na ce, "Yaushe? Ban ga kowa ba." Aka ce an yi a ofis, a kan taswira, kuma an ga abin da aka yi daidai ne. Ragon dai da shi muka yi layya.

Na zauna a gida ina jira kamar ango, wannan ita ce wautar. Wanda ya yi abu, shi ka bar wa ya sake dubawa a ɗakinsa ƙarƙashin fanka, me kake tsammani zai gani? In ka zama mai neman hakki, kada ka yarda "ana ribiyu" ta zaunar da kai. Ka tambaya wa ke dubawa, a ina, ka je ka tsaya a wurin ko ba a ba ka kujera ba. In kuwa kai aka ba ribiyun, haramun ne gare ka ka ce ka duba ƙasar da ƙafarka ba ta taka ba. Taswira ba ta nuna saniya mai ciki da aka matse a jikin siminti har ta yi ɓari. Tamu ce, jar nan da kake so, in ka tuna.

Ta ukun ta fi ci mini rai, don ita da dangwalen yatsana aka ci ni. Bayan wancan rikicin an rubuta yarjejeniya, manoma da mu da mutanen ofis, cewa abin da ya rage na burtali ya zauna haka har abada. Na dangwala yatsana, Ɗanlami ma ya dangwala. Shekaru suka ɗan ja. Sai aka aiko za a yi taro ranar Alhamis. Alhamis fa! Ko jariri a ƙasar nan ya san ranar Alhamis babu mai shanu a gida, duk muna kasuwar Maigatari. Ina da bijimin da zan kai, ina kuma son kanwa daga hannun mutanen Damagaram. Na ce taro ɗaya ne, me zai faru? Da na dawo, Ɗanlami ne ya tare ni a hanya. Ya ce, "Buba, an yi abu ba ka nan. Wai amandimen." Na ce, "An yaga takardar?" Ya ce, "Ina! Da an yaga ai da sauƙi. Tana nan. Inda aka ce har abada ne aka mai da shi har zuwa lokacin da hukuma ta ga ya dace."

Ka ji aikin amandimen. Ba ta rushe gida, jinka take sakewa kana barci a ciki. Dangwalen yatsana yana nan a ƙasan takardar yadda na bar shi, maganar da ke samansa ce ta zama wata. Har gobe in na ɗaga murya sai a ce, "Ba kai ka dangwala ba?" Na fifita bijimi a kan taro, na kuma biya. Saboda haka duk taron da aka kira a kan abin da ya shafe ka, ka je ko da rarrafe. In kai ne mai kiran taron, ka fara tambayar ranar kasuwar mutanen. Wanda ya sa taron makiyaya ranar Alhamis a ƙasar Gumel ya san abin da yake yi, kuma ba na son a wayi gari ɗana ya iya wannan dabarar.

A cikinsu duka akwai guda da nake ganin girmanta, ita ce "karekshin". A littattafanka na firamare na fara ganinta. Malam ya ja jan layi, kai kuma ka sake rubutawa a ƙasa. Na so ta, domin ba a yin ta sai wani ya yarda ya yi kuskure. Ajasmen ba ta da mai laifi, ribiyu ba ta da shi, amandimen ma haka, duk abu ne kawai ya faru kamar saukar ruwan sama. Ita kuwa karekshin sai da mutum a bayanta, mai cewa ni ne.

To akwai wani turke da suka kafa a bakin tafki, daidai magangarar da shanu ke bi su sha. Kowa ya san kuskure ne, hatta direban da ya kawo su sai da ya girgiza kai. Na sa babbar rigata na tafi ofis, na ce yau da yarensu zan yi musu magana. Na sami wani a bayan tebur na ce, "Ranka ya daɗe, karekshin na zo nema." Ya ɗago ya dube ni, ya kira na kusa da shi ya ce, "Zo ka ji Baba yana Turanci." Suka yi dariyarsu suka more. Sannan ya ce, "Baba, ofis ba ya karekshin. Sai dai mu sa a ribiyu." A daminar nan ce shanun Sale ɗan kawunka suka ture juna a wannan magangarar suka faɗa gonar wake. Aka kama shi aka kai gidan yari, wanda yanzu aka sake wa suna, wai gidan gyaran hali, a Turancin kuma da karekshin ɗin nan ake kiransa. A nan na gane masu ita. Ɗan makaranta ne da fursuna. Daga nan zuwa sama ba mai yin kuskure.

Ka san abin da ya fi ƙona ni a zuwan nan? Ba dariyarsu ba. Da zan fito, sai na ji bakina ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Na gode! Tarbiyya ce ta riga ni magana. Ladabi abu ne mai kyau, mu muka koya maka, kuma ban ce ka zagi kowa ba. Amma kada ka taɓa gode wa wanda ya hana ka hakkinka. Ka yi sallama ka fita, ya ishe shi. Kai kuma za ka yi kuskure a aikin nan, dole ne, hannun mutum ne. Ranar da ka yi, kada ka ɓuya a bayan waɗancan kalmomin masu santsi. Ka ce karekshin ne, nawa ne, ka koma wurin da rana tsaka ka gyara mutane na kallo. Za a ce ka zub da girman ofis. Bar shi ya zube, in dai irin wannan girman ne.

Innarka ta ce in gaya maka kada ka riƙa cin abincin titi, man shanun da ke cikin gwangwani kuma ka sa shi a inuwa. Ta ce ka riƙe salla a kan lokaci. Ni na ƙara da cewa in wani ya yi maka Fillanci a ofis, ka amsa masa da Fillanci, kada ka waiga ka ga ko ana jinka.

Yanzu ga dalilin takardar. Makon jiya mai gari ya kira ni gefe ya ce wata sabuwa na tafe, sunanta "modifikeshin". Sai da ya faɗa sau uku kafin harshena ya ɗauka. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan da tsawonta ai ba za ta bar komai ba." Bai yi dariya ba. Wai za a yanka filaye a bi da hanya, kuma zanen ya hau kan burtali daga tsamiyoyin nan biyu har tafki. Za su ce ci gaba ne, za su ce gyara ne. Gyaran gangar Abzinawa. Ya kuma ce mini abin da na riga na zata, cewa irin wannan aikin sabon ma'aikaci ɗan yankin ake turawa, don ya san mutane, ya san yare, kuma ba a jifan ɗan gida.

Da innarka ta ji, kuka ta sa. Ta ce, "Ka gaya masa in an ce ya zo ya ce ba shi da lafiya. Su turo wani. Kada a haɗa mini ɗa da uba." Na ce mata a'a. Ina kuma gaya maka a'a.

In sun aiko ka, ka zo. Kada ka yi ciwon ƙarya, kada ka roƙi a musanya ka, kada ka ajiye aikin da ka sha wuya kafin ka samu. Baƙo zai zo ya kafa turke ya tafi ya yi barcinsa, bai san abin da ya kafa a kai ba. Kai ka sani. Ka bar motar a titi. Ka zo da hantsi lokacin da ake kora shanu ruwa, ka sa abokan aikinka a gaba, ku bi bayan garke da ƙafa daga ruga har tafki, su shaƙi abin da muke shaƙa. In kun isa, ka tara mu, mu da su Ɗanlami, ka faɗi abin da aka aiko ka yi da Hausa, ka maimaita da Fillanci. Ban yarda ka ce mini modifikeshin ba, ban kuma yarda ka ce gyara ba. In toshewa ce ka ce toshewa. In kora ce ka dubi idona ka ce, "Baba, korarku aka aiko ni in yi." In bakinka ya iya faɗa, to hannunka ya kafa. In ya kasa, ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka abin da ka gani, ka rubuta masa shi yadda yake, ko zai ɓata masa rai.

Ban ce ka zaɓe ni a kan aikinka ba. Ban haife ka don ka zama garkuwata ba, ina da ƙirjina. Ko ka kafa ko ba ka kafa ba, da yamma ka shigo gida, tuwonka na nan a rufe, shimfiɗarka na nan, ba mai ɗaga maka gira. Amma ka sani tun yanzu, don kada ka ce ban faɗa maka ba: duk turken da aka kafa a hanyar ruwan shanuna, ko da hannun ɗana aka kafa shi, da sassafe zan tumɓuke shi, in ɗauko shi a kafaɗa in ajiye a ƙofar mai gari, in zauna a kai in jira mai zuwa kama ni. Na gyaɗa kai, na jira, na yi godiya. Ya isa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mana da kai da mutuncinka. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin tebur. Ya sa albarka a abin da za ka ci, Ya sa gaskiya a abin da za ka auna. Ranar da muka haɗu a bakin tafki kuma, Allah Ya ba kowannenmu ƙarfin yin abin da ya zo yi. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Buba.